Masu Barci a Cibiyar Tafkin Gunduru

Ku rage fitilar nan, ku matso. Wannan ba tatsuniya ba ce. Wanda ya san fitsari zai tashe shi, ya je ya yi tun yanzu, don in na fara babu mai raka wani bayan gida.

Kun san Kawu Hambali, telan nan mai keken ƙafa a bakin kasuwa. Da can ba tela ba ne. Bakanike ne, kuma na ji da gani. Injin ban ruwa, janareta, injin niƙa, duk wanda ya ƙi tashi a ƙasar nan rumfarsa ake kai shi. Yakan kara kunne kawai ya ce, "Fulogi ne," a kwance a tarar haka ne.

Wata shekara masu aikin dashen itatuwa suka kawo masa wani inji gyara. Aikinsu ya ƙare, suka tafi, ba su waiwaye shi ba. Injin haƙa rami ne. Kansa kamar na ƙaramin injin ban ruwa, da mariƙa biyu, a ƙasa kuma dogon ƙarfe murɗaɗɗe mai kaifin baki. Fetur yake sha, gauraye da ɗan baƙin mai. A ja igiya ya tashi, a dafa shi a ƙasa, ya huda ta kamar tuwo. Hambali ya gyara shi tsaf. Sai ya rasa abin da zai huda.

A nan ne ya tuna da gaiwa.

Gaiwa dai kun san ta, kifin nan dogo mai santsi da ba ya mutuwa in ruwa ya ƙafe. Takan nutse cikin laka ta naɗe jikinta, ta bar 'yar ƙofa a sama kamar ta hanci, ta yi ta barci har damina ta dawo. In bazara ta yi, Tafkin Gunduru ya bushe ƙurmus, ƙasa ta tsattsage ta yi tauri kamar daɓe, mutanen garin nan su fita da dagi suna neman waɗannan 'yan ƙofofi. Mutum ya wuni yana sara, hannu ya yi kanta, ya dawo da ɗaya ko biyu.

Hambali ya saɓi injinsa ya je. Ya huda nan, ya huda can, kusa da ƙofar, ƙasa ta saki, ya sa hannu ya zaro. Kafin azahar buhu ya cika. Washegari ma haka. Ba a jima ba gefen tafki ya zama ramuka, gaiwa ta yi wuya.

Ana cikin haka matarsa Hansai ta haihu. Haihuwar fari, 'ya mace. Murna ta ɗebi Hambali, ya tsaya a majalisa ya ce ranar suna duk wanda ya taka ƙofar gidansa sai ya ci gaiwa ya bari.

Baba Jatau, tsohon masuncin nan da ya rasu bara waccan, yana zaune yana saƙar koma. Bai ɗago ba ya ce, "A ina za ka samo ta? Ka ƙarar da gefe."

"Akwai Cibiya, Baba."

Cibiya ita ce tsakiyar tafkin, inda ruwa ke ƙafewa a ƙarshe.

"Gefe namu ne," in ji Baba Jatau. "Cibiya tana da masu ita."

"Laka ce dai, Baba, irin ta gefe."

"Ubana bai sa dagi a can ba. Nasa uban ma haka. Kuma ba don sun ƙoshi ba."

Hambali ya yi dariya, ya ce su dagi gare su, shi inji gare shi. Ya shirya da abokinsa Nomau za su tafi tare. Da safe ya biya masa, ya tarar zazzaɓi ya kwantar da shi, haƙora na haɗuwa. Ya kamata ya koma gida. Bai koma ba. Ya saɓi inji, ya rataya jakar sifanu da gorar ruwa, ya kama hanya shi kaɗai.

Tafiyar ta fi yadda ya zata. Ƙasa shimfiɗe, fara fat, babu itace, babu ciyawa. Tun yana jin kukan jakuna daga gari har ya daina. Can ya lura babu tsuntsu ko ɗaya a sama. Ƙuda ma da suka biyo gumin bayansa, a wani wuri suka juya.

Rana ta take tsaka lokacin da ya isa. Inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Ƙasar wurin ba fara ba ce, toka-toka ce, kuma tsagunta sun fi zurfi. Ga ƙofar gaiwa nan, babba, yatsa biyu za su shiga. Ya ce a ransa, yau an dace.

Ya ja igiya. Inji ya tashi da ja ɗaya, kamar kullum. Ya dafa shi kusa da ƙofar. Ƙarfen ya shiga kamar kamu ɗaya, ƙasa na tuttuɗowa gefe. Sai injin ya yi tari, ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ya fi na da nauyi.

Ya ja. Bai tashi ba. Ya ja cok don mai ya ƙara sauka, ya sake jan igiya. Shiru. Ya girgiza injin, ya ji fetur na motsi a tanki, ga shi nan fal. To, fulogi ke nan. Ya zauna ya kwance shi. A jiƙe yake. Ba abin mamaki ba ne, in mai ya yi yawa haka yake yi. Ya kai hanci.

Ba fetur ba ne. Ruwa ne, mai sanyi, yana ƙarnin kifi.

Ya dubi gorarsa. A toshe take. Ya goge fulogin da gefen riga, ya kara shi a jikin injin, ya ja igiya. Wuta ta ba da shuɗiya, lafiya lau. Ya mayar, ya ɗaure, ya ja. Inji ya tashi. Ya saki numfashi. Bakin ƙarfen na taɓa ƙasa, ya sake mutuwa.

Ya kwance kafireta. Da ya buɗe ta, laka ya gani a ciki, ɗanya, mai laushi kamar kullu. Shi da hannunsa ya tace fetur ɗin da ƙyalle da safe. Ya tsaya yana kallonta a kan yatsansa. Ya wanke da fetur, ya hura, ya mayar. Ya ciro soson iska. Ya matsa shi, ruwa ya ɗiga a ƙasa, ƙasa ta shanye nan take.

Yanzu kam gumin da yake yi ba na rana ba ne kaɗai. Amma kun san bakanike. In inji ya ƙi shi, ba ya ganin komai sai injin.

Ya taka mariƙi da ƙafa, ya naɗe igiya a hannu, ya ja da ƙarfi. Igiyar ta fito rabi ta tsaya. Sannan aka ja ta daga ciki. Ba fizgar inji ba ce, ya san wannan. A hankali aka ja, kamar mutum na karɓar abinsa. Ya saki. Igiyar ta bar masa jan layi a tafin hannu.

"Sannu da aiki."

Hambali ya juya. Wani tsoho ne tsaye a bayansa, kusa ƙwarai. Gajere, ya lulluɓe da mayafi ruwan toka har ƙasa. Fuskarsa na sheƙi kamar an shafa mai. Idanu ƙanana, baki mai faɗi.

A wurin nan, in akuya ta taso daga gari, za ka hango ta tun tana ɗigo. Bai hango kowa ba.

"Yauwa, Baba. Sannu."

"Ya ƙi tashi?"

"Ya ƙi."

Muryar ce ta fara damunsa. Bakin tsohon zai motsa, ya rufe, sannan maganar ta iso. Kuma ba ta kunne take shiga ba. A tafin ƙafarsa yake fara jin ta, ta hau ƙwauri.

"Ka duba fulogi."

"Na duba."

"Ka wanke kafireta."

Ba tambaya yake yi ba. Hambali ya ce, "Baba ya san inji ne?"

"Na san numfashi," in ji tsohon. "Duba murfin tankin. Akwai 'yar ƙofa a kansa."

Gaskiya ne. Murfin tanki yana da ɗan huji kamar na allura, inda iska ke shiga. In ya toshe, mai ba ya sauka, inji ya ɗan yi aiki ya shaƙe. Abin da yake koya wa mutane ne, yau ya manta. Ya kwance murfin ya ɗaga shi ga rana. Laka ce a hujin, an cusa ta tsaf, an shafe bakin, kamar aikin zanzaro.

Ya tsokane ta da tsinken waya.

"Ka gani," in ji tsohon. "Ƙaramar ƙofa ce. In an rufe ta, ba a mutuwa nan take. A hankali ake yi."

Tsohon ya ɗaga haɓa sama, ya buɗe baki, ya haɗiyi iska sau ɗaya, ƙwat. Sai a lokacin Hambali ya gane tun zuwansa bai ga ƙirjinsa ya motsa ba.

"Tayar da shi."

"Baba, ni na fasa. Gida zan koma."

"Tayar da shi."

Ya kama igiya. Bai ma gama ja ba injin ya tashi. Ƙararsa ta fita daban, mai kauri, kamar daga cikin rijiya. Bai taɓa totur ba, amma ƙarfen ya fara juyawa, ya kama ƙasa. Hambali ya cafke mariƙan don kada ya kife. Ya danna makashi. Bai mutu ba. Ya kai gwiwa ya ture wayar fulogi, ta fita, tana lilo. Inji babu wuta, yana ta aiki.

Ya ce bari ya saki. Yatsunsa suka ƙi buɗewa.

Ƙarfen na shiga, yana jan sa. Ya sunkuya. Ya durƙusa. Ƙasar da ta fi daɓe tauri ta yi laushi a ƙarƙashin gwiwoyinsa, sanyi ya ratso wandonsa. Ya buɗe baki zai yi addu'a, ya rasa farkon kowace sura. Sunan Allah kaɗai ya samu, shi ya riƙa maimaitawa.

Da yake kansa ya yi ƙasa, sai idonsa ya faɗa inda mayafin tsohon ya ƙare.

Babu ƙafa. Ba a kan ƙasa yake tsaye ba, daga cikinta ya fito. Jikin ya tafi sumul, abu ɗaya, ya shige wani tsagi, laka ɗanya ta kewaye shi. Ta gefen mayafin kuma, inda hannu ya kamata ya kasance, wani siririn abu ne kamar igiya ke lilo.

"Waɗanda ka kwasa a gefe, babu magana," in ji tsohon. Duk ƙarar injin, muryar ta iso sarai. "Rabonku ne. Tun da can haka muke da mutanenku. Amma dubi inda ka zuba ƙasarka."

Hambali ya duba. Ƙasar da injin ya tono ta taru ta binne ƙofar nan babba. Ko alamarta babu.

"'Yata ce a nan. Tun zuwanka ba ta shaƙi iska ba."

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba."

"An faɗa maka."

Mariƙan sun kai ƙasa. Hannayensa sun nutse har wuyan hannu. Laka ta kama gwiwoyinsa ta riƙe. Ya ji fuskarsa na kusantar ramin, wani sanyi mai ƙarni na busowa daga ciki.

"Baba, matata ta haihu," ya ce, yana kuka kamar yaro. "Ko suna ba a raɗa ba."

Tsohon ya sake haɗiyar iska.

"Me aka samu?"

"Mace."

Laka ta kai masa gwiwar hannu.

"To, buɗe wa tawa hanci."

Yatsunsa suka saki. Ya fizge hannayensa, ya rarrafa, ya shiga yaye ƙasar nan da farce. Ya yaye, ya yaye, farcensa ya fashe, bai ji ba. Can yatsansa ya faɗa cikin ƙofar. Ya share bakinta, ya zaro ɗan curin da ya toshe ta.

Babu abin da ya faru. Ya kara kunne. Shiru.

Ya dubi tsohon. Tsohon ba shi yake kallo ba, ƙofar yake kallo.

Sai iska ta fito. Doguwa, mai ɗumi, ta shafi kuncinsa. Ba ta kifi ba ce. Irin ajiyar zuciyar da mace ke yi ce in ta juya a cikin barci.

A bayansa injin ya ci gaba da nutsewa. Tanki ya shige, murfi ya shige, laka ta rufe a kansa ta shafe. Amma bai mutu ba. Yana jin sa a ƙasa, yana tafiya, yana nisa.

"Ɗauki wannan."

A gaban gwiwarsa ga wani curin laka, kamar ƙwan jimina, ɗanye. Da bai gan shi a wurin ba.

"Barka ce. A kai wa mai jego. A ajiye ƙarƙashin randa. Kada a fasa."

"Baba, da an bar shi..."

"Ba a mayar mana da kyauta."

Ya ɗauka. Ya fi girmansa nauyi.

"Tafi. Kada ka yi gudu. Ana barci."

Da ya miƙe ne ya ga abin da idonsa bai gani ba da farko. Ƙofofi. Ko'ina. Gaba, baya, dama, hagu, har iyakar gani. Wasu kamar yatsa, wasu kamar bakin tulu. Akwai wadda yaro zai faɗa ciki. A tsakaninsu ya bi da safe, da inji a kafaɗa, yana fito.

Ya fara takawa. Ya ɗaga ƙafa, ya nemi wuri, ya ajiye a hankali. Duk jikinsa na cewa ya zura, ya hana shi. Wani wurin in ya taka sai ya ji gurnani a ƙasa, kamar an dami mai barci, ya tsaya cik har a yi shiru. Ya bar jakar sifanunsa. Ya bar gorarsa. Bai waiwaya ba. Curin na rungume a ƙirjinsa, kuma zai iya rantsuwa wani lokaci yakan ɗan kumbura ya saki.

Da la'asar sakaliya Baba Jatau ya hango shi daga bakin tafki. Ashe tun azahar yake tsaye a wurin, ya kasa shiga, ya kasa tafiya. Ya dubi lakar da ke jikin Hambali har ƙirji, ɗanya, a tsakiyar bazara. Ya dubi abin da ya rungumo. Bai tambaye shi ina inji ba.

"Ba ka aka yi, ko ɗauka ka yi?"

"Ba ni aka yi."

Baba Jatau ya rufe ido. "To, yi yadda aka ce."

Aka yi suna da tuwo da miyar kuka, babu gaiwa. Yarinya ta ci suna Barira. Hambali ya koma rumfa, amma duk injin da ya taɓa, in an kwance fulogi sai a tarar da ruwa. Mutane suka daina kawowa. Shi ma ya daina so. Ya sayar da kayan aikinsa ya koyi ɗinki.

Curin kuwa yana ƙarƙashin randa. Zafin bazara ya fasa tukwane, shi bai bushe ba. Hansai ta so ta jefar da shi, Hambali ya durƙusa mata, ta bari.

Ranar da ruwan farko ya sauka, da asuba, Hansai ta tashi ɗibar ruwan alwala. Ta tarar curin ya rabe biyu. Babu komai a ciki sai santsi. Ga wata jiƙaƙƙiyar hanya a daɓen ɗaki, kamar an ja igiya. Ba ƙofa ta fara nufa ba. Shimfiɗar jaririya ta je. Ta kewaye ta, sannan ta fita ta ƙarƙashin ƙyaure.

Barira na kwance idonta biyu, ba ta kuka. A idon sawunta na hagu akwai zobe ruwan toka, kamar an ɗaura zare an kwance. Aka wanke da sabulu, aka shafa mai, aka kai wa malamai. Yana nan har yau.

Lafiyarta ƙalau ta tashi. Ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Sai dai duk shekara in tafki ya ƙafe, barci yake kama ta. Ta kwanta tun hantsi, a yi ta tashinta. In tana barcin nan, takan ja numfashi sau ɗaya ta tsaya, har uwarta ta kai hannu hancinta, sannan ta saki. In kuwa ruwan farko ya sauka, ko tsakiyar sallah ake, sai an sa wa ƙofar gida sakata. Tun tana rarrafe, gabas take nufa. Wajen tafki. In an tambaye ta ina za ta, sai ta ce, "Ana kira na."

Shi ya sa da ta isa aure, Kawu ya ƙi duk manemanta na garin nan, ya amince da wanda take so daga can ƙasar duwatsu, inda ko kududdufi babu. Ya ce ko bikin wa ake kada ta zo da bazara.

To, bana ta zo. Haihuwar fari a gida ake yi, babu yadda ya iya. Ita ce Yaya Barirar da ta ba ku alewa shekaranjiya, mai jaririya a ɗakin bayan nan. Kun lura ba ta fito ba tun jiya? Kun lura Kawu bai buɗe shago ba, yana zaune a zaure da tabarma a bakin ƙofa?

Ku saurara. Wancan ba mota ba ce. Hadari ne yake haɗowa daga gabas.

Gobe za a aiki waninku Tungar Maje, na sani, kuma ta cikin tafki ya fi kusa. Ku bi ta zagaye. In dole sai ta ciki, ku nemi na biyu, ku tsaya a gefe, kada rana ta take muku a can. Kuma in aka yi muku sannu a inda ba ku ga tahowar kowa ba, ku dubi ƙasa kafin ku amsa.

Yanzu wa zai tashi ya duba mana ko an sa sakata?